Ƙaiƙayin fatar yaro da abin da yake ci

Da hunturu ya kama a Aguié ko Gazaoua, sai ka ga yaro yana susar lanƙwasar hannu da bayan gwiwa har fatar ta tsage. Likitoci na kiran ciwon egzima. Ba ƙyasbi ba ne, ba ƙazuwa ba ce, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. A gida kuwa abinci ake fara tuhuma, a ce nono ne, ko ƙwai, ko gujiyar da wasu ke ce wa gyaɗa.

Abu biyu ake haɗawa a nan. Akwai wanda hanjinsa ba ya narkar da sukarin madara. In ya sha, ciki ya kumbura, ya yi zawo. Wannan lamarin ciki ne, ba ya jawo egzima. Na biyun shi ne garkuwar jiki ta ɗauki wani abinci a matsayin abokin gaba, borin jini ya fito, leɓe ya kumbura jim kaɗan bayan ci. Shi ne mai dangantaka da egzima, kuma ana samunsa a wajen kashi ɗaya cikin uku na yaran da ciwon ya yi wa tsanani.

Sau da yawa ma fatar ce ke fara lalacewa. In ta bushe ta tsattsage, burbushin abinci ya shiga ta tsagar, jiki ya san shi ta muguwar hanya tun kafin ya bi ta baki. Wani bincike a Landan kan jarirai 640, da aka wallafa a 2015, ya nuna waɗanda aka fara ba gujiya da wuri sun fi tsira daga borin jikin da gujiya ke jawowa da kusan kashi 80 cikin ɗari.

Shi ya sa hana yaro abinci bisa zato ke tayar mini da hankali. Ƙasar Maradi ta san tamowa, Guidan Roumdji ba ta manta yunwar 2005 ba, kuma Plumpy'Nut da ake ceto yara da shi gujiya ce da madara. Tamowar kanta tana saɓule fata.

A fara da fatar: wanka gajere, sabulu marar kaifi, man kaɗe ko basilin tun jiki na da laima. In ana zargin wani abinci, a gidan likita za a tsara janye shi na ƴan makonni da mayar da shi, ana lura. Yaron da numfashinsa ya sarƙe bayan cin abu kuwa, a garzaya da shi gidan likita nan take.