Daga Maigidan Zango Zuwa Asusun Banki

Duk wanda ya tsaya da hantsi a bakin titin da ya ratsa Ƙafin Maiyaki ya nufi Tudun Wada da Doguwa, ba zai rasa ganin wata dattijuwa zaune a kan benci a gaban rumfar mai POS ba, ta kwance wayarta daga haɓar zane, ta miƙa wa yaron rumfar domin ya duba mata ko alat ya shigo. Ɗanta yana Jidda, ko Kumasi, ko Landan, kuma da abin da yake aikowa ake sayen taki, a biya kuɗin makarantar ƙannensa. Abin da ita ba ta gani shi ne irin wahalar da ɗan nata ya sha a can kafin ya sami asusun da zai karɓi albashinsa a ciki da sunan kansa.

Tafiya neman arziki tsohuwar al'ada ce a ƙasar nan. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja, kuma a zamaninsu idan falke ya sauka a zango, maigidan da ya sauke shi shi ne ma'ajinsa, shi ne dillalinsa, shi ne kuma mai tsaya masa idan ya ci bashi, alhali babu takardar da ta shiga tsakaninsu face sanin asali da tsoron Allah. An ruwaito cewa a 1929 Ɗantata ya kai azurfa kayan raƙuma ashirin ajiya a bankin Turawa na Kano, wanda daga baya ya zama First Bank, da sharaɗin kada a ɗora masa kuɗin ruwa. Mutumin da ya san amanar zango tun yana yaro shi ne ya fahimci cewa ma'aji ya sauya, ya kuma shiga sabuwar mu'amala ba tare da ya saki addininsa ba.

Bankin yau bai san fuskar kowa ba, takarda yake tambaya, kuma tsananin tambayar ya ƙaru tun bayan harin da aka kai Amurka a 2001, sa'ad da hukumomin duniya suka wajabta wa bankuna tantance kowane mai ajiya. A Saudiyya, baƙon da ya je aiki ba ya buɗe asusu sai da igama mai rai, wato takardar izinin zama, ita kuwa igama tana rataye ne a wuyan kafili, saboda haka wanda ya shiga da bizar Umra ya maƙale, ko wanda ya gudu daga gidan aikinsa, ƙofar banki a rufe take gare shi. A Ingila galibi shaidar mazauni ake nema, sai sabon zuwa ya tarar mai gidan haya yana son ganin asusunsa kafin ya ba shi ɗaki, banki kuma yana son ganin shaidar ɗakin kafin ya ba shi asusu, kodayake ɗalibai sukan fita daga wannan tarko da wasiƙar jami'arsu. A Amurka kuwa, bankuna da yawa lambar ɗan ƙasa ta walwala ko lambar haraji suke fara tambaya, wasu kuma su karɓi fasfo.

Akwai wani cikas da mu muke ɗauka daga gida da hannunmu, wato sha'anin suna. Yaro sunansa na yanka Muhammadu, a firamare aka rubuta Mamman, a fasfo ya zama Mohammed. A wata takarda sunan mahaifinsa ne na biyu, a wata kuma sunan garinsu, Kiru ko Bebeji. Ranar haihuwa kuwa wadda magatakarda ya ga dama ya rubuta. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin bankin da ya jera takardun nan uku a kan teburinsa mutum uku yake gani, kuma da ladabi zai mayar masa da su.

Idan ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai mutum ya koma ga ɗabi'ar zango, ya roƙi wani ɗan gari ya riƙa karɓar masa albashi a asusunsa. Wani ɗan ƙanena ya yi haka shekara biyu a ƙasa mai tsarki, da wani dattijo mutumin kirki wanda bai taɓa cin masa ko riyal ɗaya ba. Ranar da Allah ya yi wa dattijon rasuwa aka rufe asusun, abin da ke ciki ya zama gādo a idon hukuma, yaron kuwa ba shi da rubutu, ba shi da shaida. Ya kira ni cikin dare yana cewa, "Baba, gumina ne wallahi." Na ce masa na yarda, sai dai alƙali da hujja yake aiki. Kayan aro ba ya rufe katara. Mai ba da aron ma yana cikin haɗari, domin duk kuɗin da suka ratsa asusunsa, ko na halal ko na zamba, shi hukuma za ta tuhuma.

Wani ɓangaren kuma ya shafi 'ya'yanmu da aka haifa a Amurka, waɗanda iyayensu suka dawo da su Kano ko Zariya. Amurka tana bin ɗan ƙasarta da lissafin haraji duk inda ya zauna a duniya, kuma a 2010 ta kafa dokar FATCA, wadda ta ɗora wa bankunan waje nauyin ba da rahoton ajiyar Amurkawa. Shi ya sa takardar buɗe asusu takan tambayi mutum ko shi Ba'amurke ne, wasu bankunan ma su yi ɗari-ɗari da shi. Idan jimillar ajiyarsa a wajen Amurka ta haura dala 10,000 a kowane lokaci cikin shekara, wajibi ne ya sanar da baitulmalin ƙasar, ko da bai taɓa komawa can ba tun yana goye.

Ta fuskar gida an sami sauƙi. Lambar BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2014, a dā sai mutum ya kai kansa an ɗauki hoton yatsunsa, amma a 2025 aka buɗe hanyar da mazauna waje za su same ta ta intanet daga inda suke. Ba abin mamaki ba ne, tunda abin da 'yan Nijeriya ke aikowa gida ya kai kimanin dala biliyan 20 a shekara. Mai gudun riba kuma yana da mafita, domin bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, a Ingila ma akwai Al Rayan.

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaidu, kuma ga muminai aka saukar da ita, mutanen da suka yarda da juna. Saboda haka takarda ba ta rage wa amana daraja, kariya ce gare ta a ranar da mai amanar ya faku. Ina roƙon iyaye, kafin su sayar da gona ko shanu domin bizar yaro, su zaunar da shi a daidaita sunansa a fasfo da NIN da BVN, ya shiga ƙasar mutane ta ƙofar da za ta ba shi takardar zama, ya buɗe asusu da sunansa, ya kuma rubuta magajinsa. Wanda lalura ta sa ya ajiye kuɗinsa a hannun wani, to ya rubuta, ya kafa shaidu biyu, domin dattijuwar nan ta bakin titi da abincinta da maganinta duk a kan wannan rubutun suke.