Yadda za a ƙirƙiri alamar jera misalan nahawu a shafin intanet

Duk ɗalibin kimiyyar harshe ya san misali mai layi uku: jimla a sama, fashin baƙin kowace kalma a ƙarƙashinta, fassara a layin ƙarshe. Ƙa'idojin Leipzig, waɗanda mafi yawan masu nazari ke bi a yau, sun wajabta kowace kalma ta tsaya saitin bayaninta. A takarda abin yana da sauƙi. A shafin intanet kuwa, sarari goma a jere yakan dunƙule ya zama guda, ƙaramin allon waya kuma ya karya layi inda ya ga dama. Sai a ga jimlar *yârā sun tàfi gidā* ta wargaje, bayanin 3PL.ACP ya faɗa ƙarƙashin *tàfi* maimakon *sun*. Mai karatun da bai iya Hausa ba zai ɗauki wannan kuskure ya wuce da shi cikin nasa bincike.

Harshen HTML ba shi da alamar da aka keɓe wa irin wannan misali, amma ya ba mu damar ƙirƙirar tamu. Chrome ya karɓi wannan tsari a 2016, Safari a 2017, Firefox a 2018. Ana rubuta halayen alamar sau ɗaya da JavaScript, a yi mata rajista da `customElements.define`, daga nan a yi amfani da ita a kowane shafi kamar yadda ake amfani da alamar sakin layi.

Ƙa'idar raɗa suna za ta ja hankalin mai nazarin rubutu. Dole sunan ya ƙunshi karan ɗori, kuma ya fara da ƙaramin harafi tsakanin a da z. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, suna iya shiga cikin suna, amma ba a farkonsa ba. Saboda haka `misali-ƙamus` ya halatta, `ƙamus-misali` kuwa bai halatta ba. Mu ce mun zaɓi `misali-nahawu`.

Ana iya gina alamar ba tare da wani taimako ba, sai dai aikin yana da maimaici mai gajiyarwa. Nan ne Lit ke shigowa. Ƙaramin kundin lambobi ne da injiniyoyin Google suka samar, magajin Polymer. An haɗa sassansa ƙarƙashin wannan suna a 2021, kuma nauyinsa bai wuce kimanin kilobayit 5 ba idan an matse shi. Ga ɗalibin da ke karatu da ƙaramin forfe a waya, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Mai rubutu yana gadon ajin `LitElement`, ya bayyana kadarorin alamar, sannan ya rubuta aikin `render` wanda ke faɗin siffar da za ta fito. Idan kadara ɗaya ta sauya, Lit yana sabunta wannan gurbi kaɗai, ya bar saura.

A tamu alamar, aikin shi ne a yanka layi na farko da na biyu a kan sarari, a haɗa kowace kalma da bayaninta cikin akwati ɗaya. Idan layi ya karye, akwatin ne ke sauka gaba ɗayansa. Dabarar tana tafiya ne domin ƙa'idojin Leipzig sun hana sarari cikin bayanin kalma guda. Ɗigo ake sakawa, kamar enfant.PL ƙarƙashin *yârā*. Alamar tana iya zama mai duba aiki ma: ta ƙirga kalmomin layukan biyu, da karan ɗorin da ke raba ƙwayoyin ma'ana, ta ja jan layi idan ba su daidaita ba. A ganina wannan ya fi kyawun siffa amfani, musamman ga kundin da ke ɗauke da misalai ɗari uku.

Salon alamar yana zaune ne a wani keɓaɓɓen sashe da ake kira inuwar DOM, inda salon sauran shafin ba ya kutsawa. Can za a zaɓi tsarin haruffa irin Charis SIL, wanda ke iya ɗora alamar karin sauti a kan alamar tsawon wasali, kamar a *ā̀*, ba tare da sun hau juna ba.

Akwai shawara ɗaya da ya kamata a yanke tun farko: ina za a ajiye jimlar kanta? Ana iya cusa ta cikin sifofin alamar, kuma hakan ya fi gajarta. Amma ranar da JavaScript ya kasa sauka saboda raunin rezo, shafin zai fito fayau babu misali ko ɗaya. Ya fi dacewa a rubuta layukan uku a matsayin sakin layi na yau da kullum a tsakanin buɗewar alamar da rufewarta, ita kuma ta karanta su daga nan. Idan Lit bai zo ba, mai karatu zai ga jimla da bayani da fassara, ko da ba su jeru ba, kuma wanda zai kwashe misalan zuwa wani tsari bayan shekara ashirin zai same su a rubuce.