Ranar da kamfani ya ce a jingine babur

A cikin watan Yuni na shekara ta 2014, kamfanin BMW na ƙasar Jamus ya aika wa waɗanda suka sayi sabon baburinsa samfurin R 1200 RT wani saƙo mai nauyi. Ya ce musu kowa ya jingine nasa, kada ya ƙara hawa ko da zuwa garejin gyara ne. Babura wajen 8,000 abin ya shafa a duniya baki ɗaya.

Laifin kuwa yana ga shakazoba ta baya, wadda makanikanmu ke kira amortisar. Mai karatu ya san ta: ƙarfen nan mai lanƙwasa kamar nannaɗaɗɗen maciji da ke tsakanin sirdi da ƙafar baya. A cikinsa akwai wata sanda da ke kai da komowa cikin mai, ita ce ke shanye girgizar ramuka, ta kuma danne taya ga ƙasa. An gano cewa sandar nan tana iya karyewa. In ta karye ana cikin gudu, bayan babur ya rasa abin da ke riƙe shi, mahayi kuwa sai yadda Allah ya yi da shi. A Amurka kamfanin ya ba masu baburan zaɓi: ko su jira gyara a ba su dala 2,500, ko a ara musu wani babur, ko su mayar da shi a biya su kuɗinsu.

Harley-Davidson ma ya sha irin wannan. A shekara ta 2023 ya kira babura samfurin Softail fiye da 65,000 saboda wani ɗan ƙusa da ke riƙe abin daidaita shakazoba. In ya tsinke, ƙarfen yakan gogi tayar baya har iska ta fita. A 2025 aka sake kiran fiye da 80,000 a kan wannan wurin dai.

Kada a ɗauka kirki ne kawai ya sa kamfanonin nan suke tona asirin kansu. Tun shekara ta 1966 dokar Amurka ta tilasta wa masu ƙera abin hawa su sanar da duk lahanin da ke iya jawo haɗari. Yau kamfani yana da kwana 5 na aiki ya shaida wa hukumar NHTSA, sa'an nan ya rubuta wa kowane mai babur, ya gyara kyauta. Abin da ya sa wasiƙar take isa shi ne lambar jikin babur mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke rubuce tare da sunan mai shi da inda yake zaune.

To, a nan ne zancen ya shafe mu. Baburan da ƴan kabu-kabu ke hawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa yawancinsu daga Sin da Indiya suke, sun ratsa hannun ɗan kasuwa bayan ɗan kasuwa kafin su iso. Wani an sayar da shi sau uku, takardarsa tana ɗauke da sunan mai shi na farko. Ko da masana'anta ta gano lahani, wa za ta rubuta wa? Ga shi kuwa ba inda shakazoba ke shan wahala kamar a nan: mutum uku bisa sirdi guda, ko buhun hatsi biyu, a kan hanyar jan ƙasa mai kunya-kunya.

Sai dai ita shakazoba takan yi kashedi kafin ta ci amana. Mai yana tsattsafowa a jikinta, babur yana ta tsalle bayan an wuce rami, baya ya zauna ƙasa fiye da da, ko a ji ƙara in an danna sirdi. Makanikin da ya san aikinsa yakan kuma duba ƙusoshin sama da na ƙasa da robobin da ke cikinsu, domin sau da yawa su ne ke fara cinyewa.