Me Ke Riƙe Kuɗin Waya a Hanya? Faɗakarwa Kan Rumbunan Bayanai

Duk wanda ya san Zangon Kumasi a yau, daga Aboabo zuwa Asawase, daga Alabar zuwa Sabon Zango, ya san cewa ciniki ya koma cikin waya. Mai goro da MoMo, wato kuɗin waya, yake biyan kaya, mahauci da shi yake karɓar kuɗin nama, ɗan ci-rani ta nan yake aiko wa mahaifiyarsa kuɗin cefane. Kamfanin MTN ya fara wannan harka a Ghana a 2009. A watan Mayun 2018 kuma aka buɗe hanyar tura kuɗi daga layin wani kamfani zuwa na wani, ƙarƙashin kamfanin GhIPSS da Babban Bankin Ghana ya kafa a 2007.

Idan kuɗi ya yi jinkirin shiga, amsar kowa ɗaya ce: netwok ne. Wani lokacin gaskiya ne. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse, Ghana da Najeriya da wasu maƙwabtansu suka ji a jikinsu. Amma akwai wani wurin da ake samun cikas wanda ba a cika ambatonsa ba, shi ne ɗakin da ake rubuta kuɗin a ajiye. Yadda aka saita na'urorin ɗakin nan shi ke sa ciniki ya wuce cikin ƙiftawar ido ko ya tsaya, shi ne kuma ke tsare rubutun daga ɓata.

Inda kuɗin yake zaune

Kuɗin waya ba a cikin wayar yake ba. Rubutu ne a wani babban kundi na kwamfuta da ake kira rumbun bayanai, inda aka rubuta cewa wane yana da sidi kaza. Haka rajistar Katin Ghana take, wanda tun 1 ga Yulin 2022 ya zama shaidar da bankuna ke nema. Haka inshorar lafiya da ake sabuntawa da *929#, haka asusun kowane banki. Manhajojin da ke riƙe irin waɗannan kundaye sanannu ne: Oracle, SQL Server, PostgreSQL da MySQL. Su kuwa a kan faifan ajiya suke zuba abin da suka rubuta.

Faifan farko da kamfanin IBM ya fitar a 1956 bai wuce ɗaukar megabait 5 ba, abin da hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani zai cike. Yau babbar ma'aikata kan jera faifai gommai ko ɗaruruwa a cikin akwatin ƙarfe guda, da na'urori biyu masu sarrafa su don idan ɗaya ta mutu ɗaya ta riƙe. Wannan akwatin faifai shi ne batunmu.

Mu kwatanta da babban ɗan kasuwa a Kejetia. Yana da akawu mai littafin ciniki, yana da kanta a gaba inda yake ajiye kayan da aka fi nema, yana da sito a baya, yana da 'yan dako masu kai da kawowa. Littafin akawu shi ne kundin da rumbun bayanai ke fara rubuta kowane ciniki a ciki. Kanta ita ce ƙwaƙwalwar gaggawa ta akwatin. Sito shi ne faifan, 'yan dako kuma su ne hanyoyin da ke tsakanin akwatin da kwamfutocin. Ko wanne ya gaza a cikin huɗun nan, mai saye ne zai tsaya jira.

A auna kafin a taɓa

Masana wannan aiki abu uku suke aunawa: yawan karatu da rubutu da akwatin ke yi a daƙiƙa ɗaya, yawan bayanan da ke wucewa, da tsawon jiran kowace buƙata. Jiran ana lissafa shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ga rumbun da ke riƙe kuɗi, wannan na ukun ya fi muhimmanci.

Faifai mai juyawa sau 7,200 a minti yana yin aiki kamar 80 zuwa 100 a daƙiƙa idan buƙatun a warwatse suke, domin sai allurarsa ta je wurin, ta kuma jira faifan ya juyo. Mai juyawa sau 15,000 yana kaiwa wajen 180. Faifan SSD, da ba shi da abin da ke motsi, yana yin gomman dubbai, samfurin NVMe ma ya fi haka, jiransa kuma bai kai milisakan ɗaya ba.

Sai dai sayen faifai mai tsada ba ya maganin kowane ciwo. Sau da yawa laifin na rumbun ne da kansa. Idan ba a yi masa fihirisa ba, neman sunan mutum ɗaya sai ya sa a karance kundin gaba ɗaya. Gyaran fihirisa guda yana iya rage wa akwatin nauyin da ƙarin faifai goma ba za su rage ba. Shi ya sa ƙa'idar aikin ita ce a auna, a canza abu ɗaya tak, a sake aunawa, a kuma rubuta abin da aka canza.

Littafin ciniki da tsarin RAID

Rumbun bayanai ba ya cewa ciniki ya kammala sai ya tabbatar an rubuta shi a littafin ciniki a kan faifai. Saboda haka saurin wannan littafi shi ne saurin kowa. Rubutunsa a jere yake tafiya, layi bayan layi, alhali karatun sauran kundin tsalle-tsalle ne. Idan aka haɗa su a faifai masu juyawa guda, sai allura ta riƙa kai-komo, duka biyun su yi nauyi. Don haka aka saba ware wa littafin faifansa. A akwatin da duk SSD ne wannan matsala ta ragu, amma har yanzu ana sa ido kan jiran littafin fiye da komai.

Sai batun yadda ake raba bayanai a tsakanin faifan. A 1988 wasu masu bincike uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka wallafa takardar da ta yaɗa tsarin da ake kira RAID. Manufarsa ita ce faifai ya mutu ba tare da bayanai sun mutu ba. Kowane samfuri da farashinsa. RAID 10 yana yi wa kowane faifai tagwai, rabin wurin ajiya ya tafi ke nan, amma ƙaramin rubutu ɗaya aiki biyu kawai yake jawowa. RAID 5 yana tattalin wuri, sai dai rubutu ɗaya yana jawo aiki huɗu, kuma mutuwar faifai ɗaya kaɗai yake jurewa. RAID 6 yana jure mutuwar biyu, rubutunsa kuwa aiki shida ne.

Ga misali na lissafi. A ce rumbu yana buƙatar aiki 3,000 a daƙiƙa, 2,100 karatu, 900 rubutu. A RAID 10 faifan za su ɗauki 3,900. A RAID 5 su ɗauki 5,700, a RAID 6 kuma 7,500. Da faifai masu yin 180, ana buƙatar 22 a na farko, 32 a na biyu, 42 a na uku. Wanda ya zaɓi tsari don arahar wuri, ya manta da yawan rubutu, zai biya bambancin da jiran jama'a.

Sauri ya haifi nawa

Saitin da ya fi kowanne haɗari yana wajen ƙwaƙwalwar gaggawa. Ana iya saita akwatin ya karɓi rubutu a ƙwaƙwalwa, ya ce wa rumbu an gama, daga baya ya sauke a faifai. Wannan yana da sauri ƙwarai. Amma ƙwaƙwalwa ba ta riƙe komai idan wuta ta ɗauke, sai in akwai batir ko wata na'ura da za ta tsare abin da ke ciki. Mutanen Ghana da suka sha dumsor, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki, daga 2012 zuwa 2016 ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a nan.

Abu biyu ke faruwa. Idan batirin ya raunana, akwatin kirki yakan koma rubutawa kai tsaye a faifai don kare bayanai, sai a wayi gari komai ya yi nauyi ba a san dalili ba. Maganinsa canza batir. Abin da ba maganinsa ba shi ne a tilasta wa akwatin ya ci gaba da saurin ba tare da kariya ba, ko a kashe saitin da ke sa rumbu ya jira tabbacin rubutu. Duk wanda ya yi haka, ranar da wuta ta ɗauke za a iya samun cinikin da aka shaida wa mai shi ya shiga, alhali babu shi a kundi. Jinkirin daƙiƙa uku ana haƙuri da shi, ɓatan kuɗin marainiya kuwa cin amana ne.

Akwai kuma batun layi. Kowace hanya tana da iyakar buƙatun da za ta riƙe a lokaci guda. Tsohon tsarin SATA 32 yake ɗauka, NVMe kuwa dubbai. In an rage adadin da yawa faifai su zauna ba aiki, in an cika shi jira ya ƙaru. Lissafin layi mafi sauƙi ya nuna cewa na'urar da ke aiki da rabin ƙarfinta tana ninka lokacin buƙata sau biyu, wadda ta kai kashi 90 cikin 100 kuwa sau goma. Akwatin da ke tafiya lafiya ranar Talata yana iya durƙushewa a jajibirin Sallah, ko ƙarshen wata lokacin albashi, ko makon komawa makaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun kafin lokacin ake gwada shi da nauyin irin wannan rana, a kuma kawar da kwafar bayanai da haɗa rahotanni zuwa tsakar dare.

Ƙananan saituna ma suna da tasiri. Oracle da SQL Server da PostgreSQL sun saba aiki da shafi mai kilobait 8, MySQL kuma 16. Idan yankan da aka yi wa faifai bai dace da iyakar shafin ba, karatu ɗaya sai ya zama biyu.

Kwafi na biyu

RAID ba ya hana gobara ko ambaliya, ba ya kuma dawo da abin da ma'aikaci ya goge bisa kuskure. Dole a sami kwafi a wani gari. Cibiyar adana bayanai ta gwamnatin Ghana babbar tana Akra, ta biyun tana harabar jami'ar KNUST a nan Kumasi, kuma hikimar ke nan. Amma nisa ma yana da farashi. Tsakanin biranen biyu kimanin kilomita 250 ne, haske a cikin wayar gilashi kuwa yana cin kamar kilomita 200 a milisakan ɗaya. Duk wanda ya ce sai ɗaya garin ya amsa kafin a tabbatar da ciniki, ya ƙara wa kowane rubutu wajen milisakan biyu da rabi ko fiye. Wanda ya ce kwafin ya biyo baya ya sami sauri, amma zai iya rasa cinikin daƙiƙun ƙarshe idan masifa ta auku. Wannan hukunci na shugabannin ma'aikata ne, bai kamata a bar wa injiniya shi kaɗai ba.

Abin da ya rage mana

Ga mai tura kuɗi da wakilin MoMo: idan saƙo ya yi jinkiri, kada a yi gaggawar sake turawa. Mai yiwuwa cinikin yana kan layi ko ma ya riga ya shiga kundi. A duba abin da ya rage a asusu, a adana lambar cinikin, domin da ita ake bin sawu.

Ga masu jagorancin bankunan karkara, asibitoci, makarantu da ƙungiyoyin adashi da suka koma kwamfuta: ku tambayi ma'aikatanku abu huɗu. Milisakan nawa rubutu ke jira a ranar da ta fi cunkoso? Yaushe aka duba batirin akwatin? Faifai nawa za su mutu kafin mu yi asara? Yaushe aka gwada dawo da bayanai daga kwafi aka ga ya yi aiki?

Ga matasan Zango kuma, wannan sana'a ce da bankuna da kamfanonin waya ba sa rabuwa da ita. PostgreSQL kyauta ne, Linux kyauta ne, manhajar gwajin faifai mai suna fio ma kyauta ce, tsohuwar kwamfuta ɗaya ta isa a fara. KNUST da Jami'ar Fasaha ta Kumasi duk a garin nan suke. Iyaye su ƙarfafa wa 'ya'yansu maza da mata gwiwa su shiga wannan fage, domin aiki ne na tsaron dukiyar jama'a, kuma yana buƙatar masu ilimi da riƙon amana. Allah ya sa mu dace.