Daga Gurasa Zuwa Shawarma: Hanyoyin da Suka Cika wa Kano Akushi

Idan magariba ta yi a Kano, mai ɗan abu a aljihu ba ya rasa inda zai sa hannu. A Nassarawa da Bompai akwai gidajen abincin Kwarori, masu gasasshen nama da wani irin wake da ake markaɗawa da riɗi a zuba masa man zaitun. Akwai na Indiyawa, masu shinkafar biryani da burodin tanda. Akwai na Sinawa, masu taliya da miyar da ta haɗa zaƙi da tsami. Manyan otal irin su Tahir Guest Palace da Bristol Palace suna jera abincin ƙasashe a teburi guda, kowa ya ɗebi abin da ransa ke so. A titin Gidan Zu injin shawarma na juyawa har tsakar dare, a Sabon Gari kuwa amala ce da sakwara da miyar agushi da farfesun kan akuya.

Matasa da yawa sun ɗauka wannan duk sabon yayi ne da ya zo tare da wayar hannu. Ba haka ba ne. Kowane kwano a cikin waɗannan akwai hanyar da ya biyo ya shigo gari, kuma wasu hanyoyin sun girmi kakannin kakanninmu.

Ta farko ita ce ta Sahara. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, ayarin raƙuma ke sauka a Kano. Larabawan Gadamus da na Turabulus sun zauna a cikin birni, wajen Dandalin Turawa da Alfindiki, har Bajamushen nan Heinrich Barth ya tarar da su a nan da ya zo a 1851. Da su ake danganta sarrafa alkama irin ta birni, wato gurasa da alkaki da danginsu. To amma yau wa zai kalli gurasa ya ce baƙuwa ce? Matan Jakara da na Cheɗiyar 'Yan Gurasa suna manna ta a tanderu tun kafin asuba. Mai bandashe ya yayyafa mata ruwa, ya barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, ya tsiyaya man gyaɗa, ya yanka albasa da tumatir. Alkaki kuwa ya samu gindin zama har ya shiga kayan gara, ba a kai amarya a manta da shi. A ganina babu wani abincin ƙetare da ya ci nasara a Kano kamar waɗannan biyu, don sun kai matsayin da ba a tambayar asalinsu.

Sai hanyar dogo, wadda ta iso Kano a 1911. Cinikin gyaɗa ya buɗe, Kwarori daga Labanan da Siriya suka biyo shi, suka kafa kantuna a inda ake kira Kantin Kwari yanzu. Har titi aka sa wa sunan Beirut. Amma shekaru da dama abincinsu bai wuce gidajensu da kulob ɗinsu ba, sai kukun da ke yi musu aiki ne ya san sirrinsa. Shawarma, wadda asalinta gashin nama ne na ƙasashen daular Usmaniyya ta Turkiyya, ba ta fito bakin titi ba sai a baya-bayan nan. Da ta fito kuma sai ta sake kama. A Beirut tafarnuwa ake sa mata da kayan lambun da aka jiƙa a ruwan tsami. A Kano kabeji ne da mayonis da yaji mai sa hawaye, wani lokaci har da tsiran Bature a ciki. Jirgin ƙasan nan dai shi ne ya kawo ma'aikata daga Kudu da suka cika Sabon Gari, suka zo da tukwanensu.

Sinawa masana'antu ne suka kawo su. Attajirai daga Hong Kong sun kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964, wasu kuma suka buɗe kamfanonin kwanuka da takalman roba a Kano. Indiyawa ma ciniki ne da masana'anta da aikin koyarwa suka kawo su. Abin dariya a nan shi ne, Kanawa sun shekara da shekaru suna cika siliman Plaza da Rex don kallon fim ɗin Indiya, sun haddace sunayen jarumai, amma kaɗan ne suka taɓa ɗanɗana abin da jaruman ke ci. Daga baya jirgin sama ya buɗe tasa hanyar. Alhazai da 'yan Umara da 'yan kasuwar Jidda da Dubai suka dawo da ɗanɗanon kabsa da mandi a harshensu, yanzu ga su nan a walimar manyan gidaje. Indomie kuwa, wadda asalinta daga Indonesiya take, teburin mai shayi ne ya ɗaure mata gindi, da ƙwai da attaruhu.

Wanda ya lura zai ga cewa abincin da ya tsaya a bayan gilashi, yana jiran mai mota, shi ne ke saurin gushewa. Mr Bigg's, wanda kamfanin UAC ya fara a 1986, ya taɓa zama wurin da saurayi ke kai budurwa don burgewa, yau da ƙyar ake ganin reshensa. Shoprite ta buɗe a Ado Bayero Mall a 2014, ta rufe a farkon 2024. Mai gurasa tana nan inda take.

Mu ma ba karɓa kawai muke yi ba. Agashen da ake layi a kansa a Khartum, Hausawan da suka yada zango a Sudan kan hanyar Makka ne suka kai shi. A unguwar Nima ta Akara koko da ƙosai ne karin kumallo, a Obalende ta Legas kuwa dare ba ya cika sai da tsire.

Ga mai son gwada abincin baƙi, akwai abubuwan da ya kamata ya sani kafin ya zauna. Girkin Sinawa na asali yana amfani da giyar shinkafa da naman alade a wasu nau'o'i. Yawancin gidajen da ke Arewa sun san da wa suke ciniki, amma tambaya ba ta zama laifi ba. Farashin da ke rubuce a takardar jerin abinci sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba, domin akan ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wani wurin har da ladan hidima. Sannan mayonis da kazar da aka gasa tun rana ba sa shiri da zafin bazara da ɗaukewar wuta. Gara shagon da ke da layi, inda nama ba ya kwana a jikin ƙarfe, da wanda ya sha fitilu amma ba kowa.

Duk wannan yalwar abinci ta dogara ne da hanya ta zauna lafiya, kuma babu inda ya nuna haka kamar Birnin Gwari. Garin yana kimanin kilomita 120 yamma da Kaduna, a kan babbar hanyar da manyan motoci ke bi daga Legas, ta Ilorin da Jebba da Mokwa da Tegina. Daga nan wasu su miƙe Kaduna ta Udawa da Buruku, wasu su yanke ta Funtuwa zuwa Katsina da Zamfara. Ba gari ne mai otal ɗin alfarma ba, amma rumfunan abincinsa na bakin hanya sun ciyar da baƙi iri-iri fiye da gidajen cin abinci da dama na birni: direba Bayarabe, ɗan kasuwa Ibo, Banufe mai kifi, Buzu mai kanwa, Bafillatanin da ya kawo shanu kasuwa. Uwar tuwo a irin wannan zango dole ta iya tuwon masara da miyar kuka, ta kuma iya daka sakwara, don ba ta san wanda mota za ta sauke mata ba. Gefenta ga mai balangu, ga mai shayi da ƙwai, ga yara masu tallar dafaffiyar masara da gyaɗa.

Da 'yan bindiga suka yi sansani a dajin Kamuku da na Kuyambana, wannan ciniki ne ya fara mutuwa. Aka kai lokacin da matafiya ke taruwa su jira rakiyar sojoji kafin su ratsa dajin. Wanda ke cikin ayarin rakiya ba ya cewa a tsaya ya ci tuwo. Direbobi da yawa suka koma zagaye ta Minna da Suleja, man da suka ƙona a zagayen kuma ya hau kan kuɗin kaya. Manoman yankin, waɗanda masararsu ke cika kasuwannin Arewa, suka bar gonakin nesa. Kasuwar shanun garin ta yi shekaru a rufe. Mai cin gasasshen nama a Bompai ba lalle ya taɓa jin sunan Udawa ba, amma ya biya kuɗin abin da ya faru a can, a farashin nama da na masarar da ake ciyar da kajin shawarma.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamnan Kaduna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar shanun, bayan sulhun da aka yi da wasu daga cikin 'yan bindigar. Tireloli suka koma lodi, rumfuna suka fara tashi. Sai dai hanyar kanta tana buƙatar gyara mai yawa, kuma direban da ya san ramuka za su tilasta masa rage gudu a tsakiyar daji ba zai yarda dare ya riske shi a can ba. Zai yi sammako ya wuce da rana tsaka. Cinikin mai abincin bakin hanya kuwa mafi tsoka na dare ne, lokacin da motoci ke jeruwa su kwana.