Jinkirin dila, tsadar magani: yadda isowar kaya ke yanke farashi a Gyaɗi-Gyaɗi

A kan titin Zariya, daura da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, shagunan magani sun jeru daga Gyaɗi-Gyaɗi har cikin Tarauni. Mai jinya farashi kawai yake ji a bakin kanta. Abin da ba ya gani shi ne tazarar da ke tsakanin ranar da dila ya yi alƙawarin kawo kaya da ranar da suka iso.

Idan dila mai cika alƙawari ne, mai shago yakan sari kaɗan-kaɗan, jarinsa yana juyawa, ƙaramar riba ta wadatar da shi. Idan kuwa mai saɓawa ne, zaɓi biyu ya rage. Ko ya jibge kaya, kuɗinsa su kwanta, wa'adin wasu magungunan ya ƙare a kan kanta; ko ya ruga wurin wani dilan ya saya da tsada, kuɗi hannu. Kowanne ya ɗauka, a kan marar lafiya nauyin yake sauka. Shi ya sa mai shago kan fifita dilan da ya ɗara tsada amma ba ya saɓa rana, a kan mai araha da sai an yi ta jira.

An ga haka a fili tun 2023. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu ya ɗaga kuɗin dako. A watan Agusta kamfanin GSK ya sanar da daina sayar da kayansa kai-tsaye a Najeriya. Augmentin da Ventolin na masu asma suka yi ƙaranci, kuɗinsu ya ninka. A Fabrairun 2024 kuma NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna suka rufe shaguna fiye da dubu a Sabon Gari, domin dilolin su koma cibiyar sari ta Dangwauro. Manufar ita ce daƙile jabun magani, amma kafin al'amura su daidaita, ƙananan shaguna sun rasa inda suka saba sari.

Wanda bai san yaushe kaya za su sake zuwa ba, ba ya sayarwa a kan yadda ya saro, sai a kan yadda yake tsoron zai saro gobe. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa mahukunta ba ta tsaya ga nawa ake sayar da magani ba. Kwana nawa yake yi a hanya, kuma wa ke riƙe shi?