IDAN KWAMFUTARKA TA ƘI AIKI: A FARA CETO AJIYA, SA'AN NAN A YI GYARA

Jama'a, a yau kwamfuta ta shiga gidaje da yawa a ƙasar nan. Ɗalibi yana rubuta aikinsa na kammala karatu a cikinta, ɗan kasuwa yana ajiye lissafin bashi, magidanci kuwa yana adana hotunan iyali da takardun fili. Ran da ta ƙi tashi, sai hankali ya tashi, a ruga wurin mai gyara, ya share kome da kome, a komo gida da na'ura lafiyayya amma wofi. An shirya wannan takarda domin kada hakan ta faru da kai.

KWAMFUTA DABAM, AJIYA DABAM

Duk abin da ka adana yana zaune ne a wani sashe guda, wanda za mu kira rumbu. Rumbun iri biyu ne. Akwai mai faifai a ciki, wanda yawanci ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, akwai kuma na zamani da ake kira SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Sau da yawa ciwon yana wani wuri ne dabam, kamar caja ko allo ko manhaja, rumbun kuwa lafiyarsa lau. Wanda ƙofar gidansa ta ɓalle ba ya ƙone rumbun hatsinsa. Saboda haka kada ka yarda a yi wa kwamfutarka fomatin, watau a share rumbun a sake zuba Windows, sai bayan an kwashe ajiyarka.

IDAN TA ƘI KAMAWA SAM

Fara da abu mai sauƙi. Gwada soket ɗin da wata na'ura, ka duba waya da caja. Zare duk abin da ke haɗe da ita, kamar filash da firinta. Idan ta tafi-da-gidanka ce, cire caja, ka danne maɓallin kunnawa na tsawon daƙiƙa 30, sa'an nan ka mayar da caja ka sake gwadawa. Idan fanka tana juyawa amma allo baƙi ne, haɗa ta da wani allo ko talabijin. In hoto ya fito, to, allon ne ya lalace, ajiyarka tana nan.

Gargaɗi: kada a buɗe kwamfuta tana haɗe da lantarki. Akwatin da ke rarraba mata wuta kuwa kada a buɗe shi ko kaɗan, domin yana riƙe wuta ko bayan an zare waya.

IDAN TA KAMA AMMA WINDOWS YA ƘI BUƊEWA

A Windows 10 da 11, idan tashi ya ci tura sau biyu ko uku a jere, shafin gyara yakan fito da kansa. Daga nan ana iya shiga yanayin da aka rubuta wa Safe Mode, inda kwamfuta ke tashi da abubuwan da suka zama tilas kaɗai. Da zarar ta buɗe, kafin ka taɓa kome, kwashe fayilolinka zuwa filash ko rumbun waje. Bayan haka sai ka cire manhajar da ka sa daf da somawar matsalar. Akwai kuma System Restore, wanda ke mayar da tsarin kwamfuta yadda yake a kwanakin baya ba tare da ya taɓa takardunka da hotunanka ba.

Idan duk wannan ya faskara, mai gyara na iya tayar da ita daga filash mai ɗauke da Ubuntu, ko ya cire rumbun ya haɗa shi da wata kwamfuta, a kwashe kayan. Sai dai a lura: kwamfutoci da yawa na yanzu suna kulle rumbunsu da BitLocker, kuma ba ya buɗuwa sai da mabuɗi mai lambobi 48, wanda galibi ke ajiye a asusunka na Microsoft. Nemo shi tun yau, ka rubuta a takarda, ka adana.

ALAMU UKU DA KE CEWA A TSAYA

Na ɗaya, idan ka ji rumbu mai faifai yana ƙas-ƙas ko gurzawa, kashe kwamfutar nan take. Kowace kunnawa tana ƙara ɓarna. Wannan aikin ƙwararru ne.

Na biyu, idan ka share fayil bisa kuskure, duba kwandon shara tukuna. In ba ya nan, daina aiki da kwamfutar, domin sabon abin da ka adana yana iya hawa kan gurbinsa. A rumbun SSD kuwa abin da aka share yakan ɓace da wuri.

Na uku, idan saƙo ya fito cewa an kulle fayilolinka sai ka biya kuɗin fansa, raba ta da intanet nan da nan, kuma kada ka soka mata filash ɗin da ka yi ajiya a ciki. Irin wannan cuta ce, mai suna WannaCry, ta afka wa ƙasashe fiye da 150 a watan Mayu na 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Biyan kuɗi ba ya tabbatar da cewa za a buɗe maka.

IDAN ZA A JE WURIN MAI GYARA

Faɗa masa tun farko, a gaban shaida in da hali, cewa ba ka yarda a share kome ba. Ka nemi a kwashe ajiyarka a gabanka, ka buɗe kaɗan daga ciki ka tabbata suna nan. Idan an canja rumbu, karɓi tsohon ka tafi da shi, domin sirrinka yana ciki.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Wutar da ke hawa da sauka, da zafi, da ƙurar hunturu, su ne manyan abokan gaban kwamfuta a ƙasarmu. A yi amfani da sitabilaiza, a zare waya kafin a tayar da janareta, a riƙa share ƙura, kuma kada a ɗora ta kan katifa inda iska ba ta shiga. Masu Windows 10 su sani cewa kamfanin Microsoft ya daina ba shi kulawar yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Mafi muhimmanci, kowane fayil mai daraja ya zamana yana wuri uku: a kwamfuta, a rumbun waje, da kuma wani wuri nesa da gida, kamar ma'ajiyar intanet ta Google Drive. Ka ware rana ɗaya a mako domin wannan aiki. Kwamfuta in ta mutu akwai wata a kasuwa, amma hoton mahaifinka da aikinka na shekara huɗu babu mai sayar maka.

Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.